Na ji sauƙi, in daina shan maganin damuwa?

'Yar'uwa, kin ce wata uku kina shan maganin ciwon damuwa, barci ya dawo, har kin koma kan keken ɗinkinki, amma a gida ana matsa miki ki ajiye shi, wai kada maganar ta kai kunnen dangin manemin aurenki.

Don Allah kada ki yanke shi da kanki. Ni ma na sha, kuma likita ya ja min kunne cewa sauƙin farko aikin ƙwayar ne, ciwon bai gama tafiya ba. Galibi ana ci gaba da sha aƙalla wata 6 bayan an ji garau, sannan a riƙa ragewa sannu a hankali. Masu yankewa farat ɗaya su ne jiri, rashin barci da ƙuncin nan ke dawo musu.

Addu'a da magani ba sa faɗa, ki haɗa su. Ƙwayar barcin kemis kuwa, ki rabu da ita.

Ki ja Umma zuwa wurin likitanki, ko Asibitin Malam Aminu Kano ko asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau da ke Kano, ta ji da kunnenta. Idan tunanin kashe kanki ya zo miki, kada ki jira ranar da aka ba ki, ki tafi asibiti nan take.