Famasis Ɗinmu Ya Tafi, Wa Zai Duba Maganin Inna?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni malamar firamare ce a wata ƙaramar hukuma a Jihar Jigawa. Mahaifiyata tana da hawan jini, duk wata ni nake kai ta babban asibitin garinmu. Famasis ɗin da muka saba da shi shekara da shekaru ya ajiye aiki bara, an ce ya tafi waje, har yau ba a kawo wani ba. Yanzu wani yaro ne a tagar magani, ka tambaye shi sai ya ce "ɗaya da safe, ɗaya da dare," ya kira na baya. Rabin maganin ma sai a ce babu, je ki kemis. Na ji a rediyo gwamnati ta ce ta ƙara guraben karatun ma'aikatan lafiya. Yaushe za mu gani a ƙasa? Kafin nan kuma yaya zan yi da Inna?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya ba Inna lafiya, ke kuma ya ba ki ladan wahala.

Abin da kika ji a rediyo gaskiya ne. A 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya sanar an ɗaga yawan ɗaliban da makarantun lafiya za su riƙa ɗauka a shekara daga 28,000 zuwa 64,000. Sai dai adadin na kowa da kowa ne, likitoci da nas-nas da ungozomomi da mu famasis masu harhaɗa magani, duk a kwano ɗaya. A watan Agusta na shekarar kuma Shugaba Tinubu ya amince da wata manufa kan ficewar ma'aikatan lafiya zuwa ƙasashen waje. Kafin su, a 2022, marigayi Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar PCN, hukumar da ke ba mu lasisi, dokar da ta ƙara mata ƙarfi a kan duk wani shagon da ake sayar da magani.

To ke malama ce, mu yi lissafi. Karatun famasis shekara 5 ne, ko 6 idan sabon tsarin nan na PharmD ne. Sai shekara guda ta sanin makamar aiki, sai shekara guda ta bautar ƙasa. Yaron da ya samu gurbi a 2024 ba zai zauna a tagar asibitinku a matsayin ma'aikacin dindindin ba sai wajen 2031 ko 2032. Wannan ma idan malaman jami'a ba su tafi yajin aiki ba, kin dai tuna na 2022 da ya cinye wata 8.

Ko sun fito ɗin ma, ba a nan gizo ke saƙar ba. Ni a ganina matsalarmu ba ta tsaya ga ƙarancin waɗanda ake yayewa ba. Akwai yarinyar da ta gama jami'a da sakamako mai kyau, ta yi kusan shekara tana zuwa shagona tana taya ni jera kwalaye, saboda ta rasa asibitin da zai ɗauke ta shekarar sanin makamar aiki. Idan babu wannan shekarar horon, babu cikakken lasisi. Ga asibitinku ba famasis, ga famasis a zaune tana goge kanta. Idan aka ninka ɗalibai ba a ninka wuraren horon nan ba, layin ne kawai zai ƙara tsawo.

Wanda ya tsallake wannan kuma, ina zai nufa? Tsani ne, kowa ya san matakansa. Asibitin jiha yana biyan ƙasa da na tarayya a wurare da yawa, don haka da gurbi ya buɗe a asibitin koyarwa ko cibiyar lafiya ta tarayya, sai mutum ya tattara. Wani kamfanin magani ne zai ba shi mota ya riƙa zagaya asibitoci yana talla. Wani ƙungiyoyin agaji ne za su ɗauke shi. Wanda ya fi zafin nema kuma ya zauna jarrabawar Kanada ko Ingila, ko ya nemi Saudiyya. A ajinmu, idan muka yi waya yanzu, sai an tsaya lissafin ƙarfe nawa ne a wurin wane. Ban ga laifinsu ba. Mutum yana da iyaye da ƙanne a wuyansa, ga takaddamar gyaran tsarin albashin ma'aikatan lafiya, CONHESS, da gamayyar ƙungiyoyinsu ta JOHESU ta daɗe tana yajin aiki a kai. Garuruwa irin naku su ne matakin ƙasa na tsanin, su ake fara bari, su ake mantawa a cike.

Ga wani abu da mutane ba su cika lura da shi ba. Babban asibitin garinku na gwamnatin jiha ne, ba na Abuja ba. Minista zai iya ƙara guraben karatu, amma ba shi zai ɗauki famasis ya turo muku ba. Wannan aikin ma'aikatar lafiya ta jiha ne. Idan da gaske kuke, ku haɗu da kwamitin ci gaban gari da hakimi da ɗan majalisarku na jiha, ku rubuta takarda, ku faɗi watan da mutumin ya tafi. Takardar da ke da kwanan wata da sa hannun mutum hamsin ta fi ƙorafin bakin taga tasiri.

Na san abin da rashin mutum ɗaya a tagar nan yake jawowa, don ni ma a irin asibitinku na yi bautar ƙasa, ni kaɗai, ba na biyu. Wata ranar kasuwa wata tsohuwa ta zo tana jiri, jikarta na riƙe da ita. Na ce ta juye mini ledarta a kan tebur. Sai ga kwali biyu, ɗaya fari da ratsin shuɗi, ɗaya ja, sunan kamfani daban-daban. Ta ce farin na asibiti ne, jan kuwa ɗanta ne ya aiko mata daga birni, wai ya fi ƙarfi. Na juya bayansu na nuna wa jikar ƙananan rubutun: amlodipine, miligiram 10, duka biyun. Wata biyu tana shan ninki. Ba wanda ya yi mugunta a lamarin. Likita ya rubuta daidai, ɗan ya yi don Allah. Wanda zai ce "Baba, kawo in gani" ne kawai babu. Aikinmu ke nan, ba miƙo ƙwaya ba. Ranar da na gama bautar ƙasa, mai kula da sito aka damƙa wa makullin.

Yaron da ke tagarku, kada ki raina shi. Mai yiwuwa ƙaramin ma'aikacin magani ne, irin waɗanda ake horarwa a makarantun kimiyyar lafiya, kuma su ma PCN ce ke yi musu rajista. An horar da shi ya yi aiki a ƙarƙashin famasis ne, sai ya wayi gari aikin mutum uku a kansa. Ki daina zuwa masa da safiyar Litinin ana turereniya. Ki karɓi maganin, ki dawo bayan azahar layi ya lafa, ki gaishe shi, ki tambaya. Za ki sha mamaki.

Batun kemis kuwa, rashin uwa akan yi uwar ɗaki. Lasisin mai kemis na magungunan da ba sa bukatar takardar likita ne, irin su farasitamol da gishirin gudawa da maganin zazzaɓin cizon sauro. Maganin hawan jini ba ya cikin hurumin sa, haka allura da ƙarin ruwa. Amma ni da ke mun san idan aka ce yau duk kemis ya tsaya a kan dokar nan cif, ƙauyuka da yawa sun shiga uku. Hukuma ma ta san haka, shi ya sa ta fito da tsarin raba masu kemis mataki-mataki gwargwadon karatun lafiyar da mutum yake da shi, ta kuma fara matsa wa inda suke saro kaya. A Fabrairun 2024 ne NAFDAC da PCN suka rufe shagunan magani na Sabon Garin Kano, aka ce 'yan sari su koma cibiyar Dangwauro da ke hanyar Zariya. An sha surutu, har da abokaina a masu kuka, amma ni na goyi baya. Wanda ya taɓa ganin kwalin insulin a rana a bayan baro ba zai yi musu ba.

Yanzu ga Inna. Ki sayi ɗan littafi irin na ɗalibanki. Kowane magani ki rubuta sunansa na asali, wato ƙananan rubutun da ke ƙarƙashin sunan kamfani, da miligiram ɗinsa. Da wannan za ki je saye, ba da "ja ne ƙanana" ba. Idan aka ba ki wani kwali daban, ki gwada da littafin kafin ki biya, ki duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Duk ranar ganin likita ki zuba komai a leda ɗaya, har jiƙo da garin da maƙwabciya ta kawo, ki ajiye masa a tebur.

Abin da na fi jin tsoro ga tsofaffinmu shi ne maganin ciwon jiki. Gwiwa ta yi ciwo, a aiki yaro kemis ya ce a haɗa masa, a ƙullo diclofenac da ibuprofen da piroxicam a leda ɗaya. Dangi ɗaya ne su ukun. Suna ɗaga jini, suna rage ƙarfin maganin hawan jinin, suna cin ƙoda da ciki. Farasitamol ya fi mata aminci, idan bai yi ba a koma wa likita. Maganin mura ma a yi hattara, wasu suna da sinadarin buɗe hanci da ke ɗaga jini. Idan kika ga ƙafarta na kumbura ko ta kama busasshen tari da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, wasu magungunan hawan jinin ne ke yin haka, ki faɗa wa likita ya canja, kada ku daina da kanku. Kuma ranar da ta ce miki ta ji sauƙi, a bar ƙwayar nan haka, ki lallashe ta. Sauƙin daga ƙwayar yake. Gishiri da dunƙulen miya kuwa, kin fi ni sanin yadda za ki yi da mai girki.

In da hali, duk wata uku idan kin shiga Dutse ko Haɗeja ko Kano, ki nemi kantin magani mai koren kuros da alamar Rx, ki ce kina son ganin famasis da kansa. Ki nuna masa littafin. Yawancinmu ba ma karɓar ko kwabo a kan wannan.

Tambaya: Baba, ina aji shida na sakandare a Funtuwa. Ina son karanta harhaɗa magunguna, amma mahaifina ya ce shekara biyar a jami'a don in sayar da Panadol asara ce, gara likitanci.

Amsa: Ɗana, ka gaishe mini da Alhaji, ka karanta masa labarin tsohuwar nan ta sama. Ka kuma tuna masa da marigayiya Dora Akunyili, wadda ta riƙe NAFDAC daga 2001 zuwa 2008 ta hana masu jabun magani barci. Famasis ce. A JAMB Turanci za ka cike da Fiziks da Kemistiri da Bayoloji, kuma maki mai yawa ake nema, kada wani ya ce maka hanya ce mai sauƙi. Ba sai ka yi nisa ba: akwai ABU Zariya, da BUK, da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da Maiduguri, da Jos. Idan Kemistiri na ba ka wahala yanzu, ka gyara tun kafin ka shiga, don can ba ta da tausayi. In ka gama, ka ba garinku ko da shekara uku kafin ka fara tunanin jirgi. Roƙo ne, ba doka ba.

Tambaya: Yallaɓai, ni ɗan kasuwa ne, ina da jari, ina son buɗe babban kantin magani. An ce in samu wani famasis in riƙa biyansa duk shekara ya ba ni lasisinsa in rataye, shi ya ci gaba da harkarsa. Nawa ake biya?

Amsa: Alhaji, ba zan faɗa maka farashi ba. Abin da aka ba ka shawara laifi ne, kai da shi. Lasisin nan alkawari ne cewa mai sunan yana cikin kantin yana duba abin da ke fita. Ranar da masu bincike suka zo ba su same shi ba, kantinka za a garƙame, shi kuma ya amsa tambaya a gaban kwamitin ladabtarwa. Wannan ɗabi'ar ma tana cikin abin da ke ɓoye girman ƙarancin da Malama ta yi kuka da shi: a takarda gari yana da famasis, a zahiri hotonsa ne a bango, shi yana Abuja ko Toronto. Tun da kana da jari, je ka ofishin PCN na jiharku ka ji sharuɗɗan mallaka da na rajista daga bakinsu. Sannan ka nemi ɗaya daga cikin yaran nan da suka gama bautar ƙasa suke zaune, ku yi yarjejeniya a rubuce, ka ba shi albashin da zai zauna da kaso a riba, ka sa masa kujera a inda masu saye za su gan shi.