Amsoshin Tambayoyinku: Idan Injin Wanke Kwanuka Ya Fara Ƙara

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Injin wanke kwanukan da maigidana ya saya mini ya fara wata ƙara kamar ana niƙa tsakuwa, musamman idan ya zo zubar da ruwa. Mai gyara ya ce famfon ya mutu, sai an canza, kuma kuɗin da ya ambata ya tayar mini da hankali. Daga wata uwargida a Unguwar Rimi.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, ki kwantar da hankalinki, domin lokacin tashin ƙarar da kika ambata ya ba ni ƙwarin gwiwa. Yawancin waɗannan injuna famfo biyu gare su: babba mai tura ruwa cikin hannayen feshi yayin wanki, da ƙarami mai fitar da ruwan datti. Ƙarar da ke tashi lokacin zubar da ruwa kaɗai ta ƙaramin ce, kuma galibi wani abu ne ya maƙale a farfelarsa, kamar ɓallin ƙashin kaza, ƙwallon dabino, tsinken sakace ko fasasshen gilashi. Ki zare wayar injin daga soket tukuna, kada ki tsaya ga kashe maɓalli. Ki fito da kwandon ƙasa, ki murɗe matatar da ke gindin injin ki wanke ta, ki tsane ruwan ramin da soso. A injuna da yawa, ciki har da na Bosch, akwai ɗan murfi a gefen ramin wanda ake ɗagawa da cokali, farfelar kuma tana bayansa. Ki haska da tocila kafin ki sa yatsa, saboda gilashi na yanka, ki cire abin da kika gani, sannan ki juya farfelar ki ji ko tana tafiya. Idan kuwa ƙarar kuwwa ce mai tsawo da ke ɗorewa duk tsawon wankin, to boris ɗin babban famfo ne ya cinye, wato abin da sandar famfon ke juyawa a cikinsa, kuma a nan ne maganar canji take da tushe.

Tambaya: Malam, na samu famfo a kasuwa a rabin kuɗin da wakilin kamfani ya faɗa mini, kuma mai shagon ya rantse cewa na asali ne. In saya? Daga wani magidanci a Barnawa.

Amsa: Alhaji, kada ka saya, kuma bari in ɗan tsaya a nan domin abin ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Mutum zai kashe maƙudan kuɗi a kan inji, amma ranar da abu ɗaya ya lalace sai ya bazama neman mafi araha, ya karɓi rantsuwa a madadin garanti. Kwali mai sunan kamfani ba shaida ba ce, domin buga kwali ya fi ƙera famfo sauƙi. Jabun famfo sau da yawa da wayar alminiyam ake naɗa koyil ɗinsa a maimakon jan ƙarfe, ga robar da ke tare ruwa ba ta jure zafi, alhali ruwan wankin yakan kai digiri 60 zuwa 70. Idan robar ta saki, ruwa zai zuba a ƙasan injin inda wayoyi suke, daga nan asarar ta wuce ta famfo. Akwai kuma masu wanke tsohon famfon gwanjo su saka shi a sabuwar leda. Ba na ƙin gwanjo idan an faɗi gaskiya an yi masa kuɗin gwanjo, abin da nake ƙi shi ne a sayar da shi da sunan sabo.

Kafin ka fita, ka buɗe ƙofar injin ka duba gefenta, za ka ga lambar samfurinsa, ka ɗauki hotonta a waya. Ka tafi da tsohon famfon a hannu, ka gwada lambobin jikinsa da na sabon, ka duba bakin wayoyi da wurin ɗaurawa. Ka nemi rasit mai ɗauke da sunan shago da sharaɗin maidowa. Mai gyaran da ya ƙi ba ka tsohon famfon da ya cire, ko ya ce shi kaɗai ya san inda ake samu, ka yi hattara da shi. Masu sana'ar kasuwar Panteka ta Kaduna gwanaye ne wajen naɗin koyil da ƙere-ƙeren ƙarfe, amma ƙaramin famfon nan a rufe yake zuwa daga masana'anta, ba a yi shi don a buɗe a gyara ba. Kuma ko na asali ka samu, idan wutar gidanka tana hawa da sauka babu sitabilaiza, ko ruwan burtsatsenka na zuwa da yashi babu matata a bututun shiga, za ka sake komawa kasuwa.

Tambaya: Sabulun injin ya yi tsada, zan iya zuba garin sabulun wanki ko na ruwa na wanke-wanke? Daga wata matashiya a Kawo.

Amsa: A'a, kuma wannan yana rubuce a littafin da ya zo da injin. Kumfa za ta cika cikinsa, famfo ya riƙa jan iska yana gurnani, ruwa ya malalo tsakar kicin. Idan kuɗin sabulun ya gagara, a koma ga roba da soso har ya samu.

Tambaya: Ɗana ya aiko mini da inji daga Amurka, tun da aka haɗa shi gurnani kawai yake yi, ina tsoron kada in lalata kyautar yaro. Daga wata dattijuwa a Malali.

Amsa: Mama, Allah ya yi wa yaron albarka, kuma ba laifinki ba ne. Wutar gidajen Amurka bolt 120 ce, tamu kuwa 230, saboda haka kada a sake kunna shi sai ƙwararren mai aikin lantarki ya karanta takardar da ke gefen ƙofarsa. Idan 120 aka rubuta, yana buƙatar tiransifoma babba mai ɗaukar nauyin abin dumama ruwan, ba irin ƙaramar da ake sa wa rediyo ba. A sa shi ya duba ko an riga an ƙona wani abu a ciki, ya kuma tabbatar ruwan tankinki yana sauka da ƙarfin da zai cika injin.