Ina cika ciki da safe, amma ƙiba sai ƙaruwa take yi

Tambaya: Likita, barka da aiki. An ce mini in na ci da yawa da safe, cin rana da na dare zai ragu, ƙiba ta sauka. Wata uku ke nan ina karyawa da ɗumamen tuwo da fanke da shayi mai madara, amma kilo 4 na ƙara. Yanzu ƙawata ta kawo mini shayin rage tumbi. In sha? Daga wata uwargida a unguwar Zariya, Maraɗi.

Amsa: Hajiya, kwantar da hankalinki, ba ciwo ba ne. Abin da kika ƙara da safe, ciki ba ya zare shi daga na rana. A 2011 masu bincike a Munich ta Jamus sun bi cin mutum 380, suka ga ranar da aka yi babban karin kumallo, na rana da na dare ba su ragu ba. A 2019 mujallar likitoci ta BMJ ta haɗa gwaje-gwaje 13: masu karyawa sun ɗara masu tsallakewa da kalori (ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki) wajen 260 a yini. Amfanin cin safe shi ne yana kashe yunwa, amma sai in daga tuwon dare kika ɗebo abin da kika ƙara. Ke kuwa ɗorawa kika yi. Cokalin miya ɗaya na mai kalori kusan 120 ne, kin kuwa san irin man da fanke ke sha. Ki musanya shi da dafaffen ƙwai ko wake, ki rage sukarin shayi.

Shayin ƙawarki kuwa, kada ki kai shi baki. Wannan abu ya ishe ni. Yawancin irinsa filasko ne ko maganin sa fitsari. Mace ta kwana tana zarya ban ɗaki, da safe ta hau sikeli ta ga kilo ya sauka, ta ce kitse ne ya narke. Wane kitse? Kitse ba ya fita ta zawo. Ruwan jiki ne da gishirinsa suke zubewa, har da fotasiyam da zuciya ke bugawa da shi. Ki haɗa wannan da zafin Afrilu na Maraɗi. Na sha ganin an kawo mace ido ya faɗa, ƙafa na rawa, sai ƙarin ruwa, mai tallar kuwa yana can kasuwa da lasifika yana rantsuwa wai ganye ne zalla. To, ganye ba ya kisa ne? Kwana uku da dainawa kilon ya dawo, ƙoda ce ta sha wuya a banza.

In kina shan maganin sukari, kada ki tsallake karin kumallo, sukari na iya faɗuwa ki sume. Ki je a auna miki jini da sukari, ki tafi da kwalin shayin a duba.