Amsar Baffa: Mafarkinka da Goron Neman Aure

Ɗana,

Saƙonka ya iso ni ranar Talata da yamma, na karanta shi har sau biyu. Ka ce ka yi azumin kwana uku kana neman nufin Allah a kan aure, a dare na uku ka yi mafarkin wata yarinya da kuke ƙungiyar mawaƙa tare tana miƙo maka ruwa a ƙwarya, ka farka da tabbacin ita ce. Shi ne kake tambaya: tunda Allah ya riga ya yi magana, mene ne amfanin tura manya, da bincike, da goro, da kuɗin gaisuwa? Ba rashin bangaskiya ba ne a sake bin diddigin abin da Ubangiji ya yanke?

Kafin komai, abu ɗaya ne ban gani a saƙon ba. Ita yarinyar ta sani? Ko kuwa kai kaɗai aka yi wa wahayin, ita tana can tana rera waƙarta ba ta san an gama da ita ba?

Buɗe Farawa sura 24, ka karanta a tsanake, domin mafarkinka na ƙwaryar ruwa daga can ya ɗebo kamanninsa. Ibrahim ya aiki babban baransa da raƙuma 10 ya nemo wa Ishaku mata. Mutumin nan ya tsaya bakin rijiya ya roƙi alama: wadda za ta ba shi ruwa har ta ce za ta shayar da raƙumansa, ita ce. Bai rufe baki ba sai ga Rifkatu da tulu a kafaɗa. Alamar da ta fi taka ƙarfi ke nan, don shi ido biyu ya gani. To me ya yi? Bai ɗora ta a raƙumi ya juya ba. Ya yi shiru yana kallonta, yana auna ko Ubangiji ne ya ba shi nasara. Ya tambaye ta 'yar gidan wa ce, wato bincike. Ya je gidansu, aka kawo abinci ya ce ba zai ci ba sai ya faɗi abin da ke tafe da shi. Ya zayyana wa Laban da Betuwel komai, su ma da bakinsu suka ce wannan abu daga Ubangiji ne. Ya fito da kaya ya ba yarinyar, ya ba wanta da uwarta. Washegari kuma aka kira Rifkatu aka tambaye ta ko za ta tafi, ta ce za ta. Faɗa mini, wane mataki ne a nan ba ka san shi a neman auren gidanmu ba? Mutumin da Allah ya amsa wa nan take bai tsallake ko ɗaya ba.

Ba ina ƙaryata mafarki ba ne. Da mafarki aka gaya wa Yusufu kada ya ji tsoron ɗaukar Maryamu. Amma lura, mafarkin nan ya juya shi ne daga abin da ya riga ya ƙudura, ya ɗora masa nauyi. Naka kuwa ya zo daidai da abin da idonka ke kallo kowace Lahadi. So hana ganin laifi, ɗana, kuma ba ya barin mutum ko a barci. Annabi Irmiya, a sura 23, ya ce mai mafarki ya faɗi mafarkinsa, mai maganar Allah ya faɗe ta da aminci, sannan ya tambaya me ya haɗa ƙaiƙayi da alkama. Sai an sheƙe ake sanin wanne ne wanne.

Bari in tona wa kaina asiri. Shekarar da aka haife ka, wani aboki ya zo mini da maganar sarin citta, in zuba kuɗin da na tara na rufin ɗaki. Babanka ya ce in dakata, gwaggonka ta ce mutumin nan idonsa bai kwanta mata ba. Ni kuwa na ce zan shimfiɗa ulu irin na Gidiyon. Na durƙusa na ce, ya Ubangiji, in nufinka ne, a yi ruwa kafin Lahadi. A watan Agusta fa, a Zariya! Daren nan aka kwana ana tsuga ruwa, ina kwance ina jin yana ɗiga cikin kwanon da muka tara a tsakar ɗaki, ina murna wai an amsa mini. Kuɗi suka tafi, citta ba ta zo ba, muka ƙara damina biyu da kwanon nan. Daga baya na koma Littafin Mahukunta sura 6, na ga shi Gidiyon abu mai wuya ya roƙa, raɓa a kan ulu ƙasa a bushe, sannan ya sake juya shi. Ni kuwa na zaɓi alamar da ba za ta ƙi zuwa ba, don na riga na san amsar da nake so. Muryar da Allah ya aiko mini tana bakin babanka, na toshe kunne.

Yawancin nufin Allah ba a ɓoye yake ba, a rubuce yake. Ka girmama mahaifinka da mahaifiyarka. Ka tsare kanka da tsarki, kamar yadda Bulus ya gaya wa Tasalonikawa ƙarara cewa nufin Allah ke nan. Ka yi gaskiya, ka so jinƙai, ka bi Allahnka da tawali'u. Karin Magana 15:22 ta ce shiri yakan rushe in babu shawara. Matasa kun fi son wanda ke ɓoye, don ya fi daɗin labari a zumunta. Amma wanda ya bi mafarki ya taka abin da ke rubuce, ya san ba Allah ya bi ba.

Kada kuma ka ɗauka ina cewa duk al'ada tsarkakakkiya ce. A Markus sura 7 Almasihu ya tsawata wa masu fakewa da al'ada suna hana iyayensu haƙƙinsu. Dattawanmu na Wusasa, kusa da Zariya, tankaɗewa suka yi. Dubi majami'ar St. Bartholomew da aka gina a 1929, ginin ƙasa ne irin namu na Hausa. Ba su yar da babbar riga ba, ba su daina durƙusa wa manya ba, da Littafi Mai Tsarki ya fito cikakke da Hausa a 1932 da harshensu suka karanta shi. Abin da suka watsar shi ne zuwa wurin boka a duba ko aure zai yi kyau, da aurar da yarinya tana kuka. Ni da za a bi tawa, da gasar lefen nan da ke jefa ango cikin bashi ita ma ta bi su. Har sabo an ƙara, gwajin jini. In ku biyun AS ne, kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi mai sikila, kuma gara ku sani tun kafin zukata su yi nisa. Sanarwar da ake yi Lahadi uku a majami'a kafin ɗaurin aure ma ai bincike ne, a bainar jama'a.

Don haka ga yadda za a yi. Ka sami yarinyar ka gaya mata kana sonta, da bakinka, a matsayin kai. Kada ka ce mata Allah ya ce, domin ka ɗaure ta ke nan, in ta ƙi sai ta ga kamar Ubangiji ta ƙi. Ka bar ta ta yi tata addu'ar. In ta amince, ka sanar da fastonku, sannan ka turo mini sunan gidansu da garinsu. Gwaggonka za ta yi nata binciken ta wajen mata, ka san ba a ɓoye mata komai. Su ma za su bincike mu, kada ranka ya ɓaci. In duk ƙofofin nan suka buɗe, ni da kaina zan sa babbar rigata in kai goron, in Ubangiji ya yarda. In wata ta ƙi buɗuwa, mu zauna mu sake addu'a tare.

Ka zo gida hutun Kirsimeti mu ƙarasa maganar a zaure. Mutanen gida duk suna gaishe ka.

Baffanka