Amsa ga mai son zuba 'yan haya a sabon gidansa

Wa alaikumus salam Malam, Allah ya sanya albarka a gidan. Na ga tambayarka cewa ka sayi gida mai fulat biyu a Tudun Wada nan Gusau kana son ka ba da haya, mi doka ta ɗora maka. Na daɗe cikin wanga harka, bari in faɗa maka abin da na sani.

Abin da sabbin masu gida ba su cika ganewa ba shi ne, ranar da ka amshi kuɗi ka miƙa makulli, gida naka ne amma zaman na ɗan haya ne har wa'adi ya cika. Ba ka da ikon faɗa mishi gida duk sadda ka ga dama, balle ka canza kwaɗo ko ka yanke wuta ko ka sa yara su kware kwano don bai biya ba. Da idona na ga wani dattijo a layinmu ya cire ƙofar ɗan hayarsa tsakiyar damina, shi ke bin bashi fa, amma da aka je gaban alƙali shi aka sa ya biya katifa da buhunan gero da ruwa ya lalata, abin ya ba ni tausayi ƙwarai don mutumin kirki ne, zuciya ce kawai ta ɗebe shi.

Hanyar da doka ta sani ita ce notis a rubuce. In ba ku yi wani sharaɗi daban a takarda ba, ƙa'idar da aka fi bi a Najeriya ita ce mai biyan wata-wata a ba shi wata 1, mai biyan shekara wata 6, in ya cika bai tashi ba a ƙara mishi na kwana 7 cewa za ka nufi kotu, kuma kotu ce ke fitar da mutum, ba kai ba, ba 'yan sanda ba. Ka bari lauya ya rubuta maka bisa dokar jihar nan, don kuskuren kwanan wata kaɗai na iya sa a ce ka koma farko.

Shi ya sa nake cewa ko ƙanenka ne ku rubuta yarjejeniya. Ko a shari'ar Musulunci ijara ba ta inganta sai an san kuɗin an san wa'adin, kuma alƙalan kotunan shari'armu shaida za su tambaya. A sa nawa ne, yaushe ya fara yaushe zai ƙare, wa zai biya wuta da ruwa da kwasar masai, ko an yarda ya sa wani a ɗakin, shaidu biyu su sa hannu, sannan a biya kuɗin hatimin gwamnati a buga mata. Babban gyara kamar rufin da ke yoyo, katangar da ta tsage ko wayarin mai haɗari ka ɗauka naka ne, don Allah kar ka yi wasa da shi, rayukan yaran mutane ne a ciki. Abin da ya ɓata da hannunsa kuwa nasa ne. Ranar shiga ka ɗauki hoton kowane ɗaki da lambar mita, ka biya duk tsohon bashin Kaduna Electric, in da hali kowane fulat da mitarsa, mafi yawan faɗan 'yan haya daga kuɗin wuta yake tasowa.

Rasit dole ne, ko ta banki aka turo. Kuɗin haya kuɗin shiga ne da haraji ke hawa kansa, kuma sabuwar dokar haraji da ta fara aiki Janairun 2026 ta ba ɗan haya damar a cire mishi kashi 20 na hayar shekara, har zuwa naira 500,000, daga kuɗin shigarsa kafin a lissafa mishi haraji, ka ga ma'aikata za su riƙa neman rasit wurinka. Takardun gidan ma ka bi su a ma'aikatar filaye su koma sunanka, don a dokar filaye ta 1978 sai da amincewar gwamna cinikin fili mai satifiket ke tabbata.

Sai maganar tsaro, ka san halin da muke ciki a Zamfara. Kar ka dogara da bakin dillali, shi la'adarsa ke gabansa. Ka karɓi kwafin katin NIN, ka san aikin mutum, ya kawo wanda zai tsaya mishi, kuma ka kai shi gaban mai unguwa kafin ya sauke kaya.