Shawarar lauya: Mai gida ya rasu, magada sun ce in kwashe asibitina

Tambaya: Ranka ya daɗe lauya, ni likita ne a Maraɗi. Shekara 9 ke nan ina haya a wani gida a unguwar Ali Ɗan Sofo, inda na buɗe ƙaramin asibitin kuɗi mai gado 8. Ba mu taɓa rubuta komai da mai gidan ba, da baki muka yi. Na kashe fiye da miliyan 11 na sefa wajen gyara: karo, sabon rufi, salga, da ɗakin haihuwa. Bara Allah ya yi masa rasuwa, yanzu babban ɗansa ya ce za su sayar su raba gado, in tashi nan da wata guda. Ni kuwa na tsayar da biyan haya wata 5 ke nan, tunda kuɗina da ke cikin ginin sun fi hayar shekaru. An gaya mini dokar OHADA ta hana a tashe ni, kuma ni ne farkon wanda ya cancanci a sayar wa. In kai su kotu?

Amsa: Likita, Allah ya jiƙan mai gidanka, ya sa ya huta. Ban ga takarda ko ɗaya ba, kuma bakin ɓangare guda na ji, saboda haka abin da zan faɗa ya dogara ne a kan cewa al'amarin haka yake yadda ka zayyana shi.

Wanda ya ambata maka OHADA bai yi ƙarya ba, sai dai rabin magana ya ba ka. Nijar tana cikin ƙasashe 17 da ke aiki da wannan tsari na daidaita dokokin kasuwanci a Afirka, kuma dokarsa ta harkokin kasuwanci, wadda aka sabunta a Lome ranar 15 ga Disamba 2010, ta ware ayoyi daga ta 101 zuwa ta 134 don hayar wurin sana'a. Ba mai kanti kaɗai ta shafa ba, mai aikin kansa irinka ma yana ciki. Rashin takarda bai fitar da kai ba: hayar da aka ƙulla da baki ana ɗaukarta a matsayin wadda ba ta da wa'adi. Mutuwar mai gida ba ta kashe haya, aya ta 111 ke nan, sayarwa ma haka, aya ta 110, wanda ya saya shi zai gaji matsayin mai gida. To ka ga zancen wata guda da yaron nan ya yi maka a tsaye a ƙofar asibiti ba shi da gindi. Aya ta 125 wata 6 ta ce, mafi ƙaranci, kuma ta hannun wisiye, wato jami'in da ke kai takardun shari'a, ko ta wata hanyar da za ta tabbatar saƙo ya shiga hannunka. Da ya tambayi wanda ya sani kafin ya zo, da ya huta da ɗaga murya. Ba shi kuma da ikon sa wa ƙofa kwaɗo da kansa.

Amma fa duk wannan yana tsaye ne a kan ƙafa ɗaya, cewa marigayin ya yarda a yi asibiti a wurin. In gidan zama ka karɓa, daga baya ka mai da shi wurin aiki, za a iya ja da kai. Shekara 9 da allo a ƙofa ba abu ne da ake ɓoyewa ba, na sani, kuma mai yiwuwa shi kansa Alhajin a wurinka yake gwada hawan jini. Duk da haka ka nemo abin da za ka nuna.

Inda aka ruɗe ka shi ne cewa ba a iya tashinka. Ana iyawa. Abin da aya ta 123 ta ba wanda ya yi aƙalla shekara 2 yana sana'arsa a wuri shi ne haƙƙin a sabunta masa haya. In masu gida suka ce ba su sabuntawa, dokar ba ta ɗaure su da kai har abada ba, cewa ta yi su biya ka diyyar tashi. In ba ku daidaita a kan adadi ba, alƙali zai yanke, yana duba cinikin da kake yi, da jarin da ka zuba, da inda wurin yake, da kuɗin ƙaura. Haƙƙinka na kuɗi ne, ba na zama ba. Kuma in takardar wata 6 ɗin ta zo maka bisa ƙa'ida, ka yi shiru ba ka ƙalubalance ta ba har ranar ta cika, haya ta ƙare ke nan. Wani abu kuma da masu asibiti ba su son ji: cinikin da za ka faɗa wa alƙali, lauyan magada zai aza shi kusa da wanda ka faɗa wa ofishin haraji. Kai ka san abin da ka rubuta.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarka shi ne wata 5 ɗin nan. Da hannunka kake miƙa musu wuƙa da nama. Aya ta 133 ta ba mai gida damar aiko maka da takardar gargaɗi, in wata guda ya wuce ba ka biya ba, ya nemi kotu ta warware hayar ta fitar da kai. Aya ta 127 kuma ta ba shi damar ƙin sabuntawa ba tare da ya biya ko dala ba, in ɗan haya ya saɓa babban sharaɗi kuma ya ci gaba fiye da wata 2 bayan gargaɗi. Wane sharaɗi ya fi biyan haya girma? Ba ka da ikon zama ka yi lissafi kai kaɗai ka ce ka cire kuɗinka daga haya. Manyan gyare-gyare irin rufi da bango da salga, a ƙa'ida na mai gida ne, gaskiya. Amma hanyar da dokar ta shata ita ce in ya ƙi yi, ka nemi izinin kotu kafin ka taɓa, ita za ta faɗi adadi da yadda za a mayar maka. Ban ji ka ce ka bi ta nan ba.

Ba ina nufin miliyan 11 sun bi ruwa ba. Jarin da ka zuba yana shiga lissafin diyya, kuma aya ta 131 ta ce ko wanda ba shi da haƙƙin sabuntawa yana iya neman a mayar masa da abin da ya gina da izinin mai gida. Matsalar ita ce mai izinin yana ƙasa. Sai dai rasit na siminti da kwano, da magini, da duk wanda ya ji lokacin da Alhaji ya ce a yi. Kar kuma ka sa ran karon da aka taka shekara 9 za a biya shi farashin sabo. Na taɓa ganin wanda ya zo mini da jakar leda cike da rasit, rabinsu tawada ta goge, ba a gane ko na ƙusa ne ko na magani.

Zancen a fara sayar maka kuwa, wannan dokar ba ta ba ɗan haya fifiko ba. Ko a fiƙihun Malikiyya, shuf'a, wato haƙƙin a fara sayar wa mutum, ta abokin tarayya ce a cikin mallaka, ba ta wanda ke haya ba. Kana iya taya gida kamar kowa.

Ni dai ba zan ce ka ruga kotu ba. Da me za ka je, alhali ba a aiko maka da takarda ba, kai ne ma ake bi bashi? Shari'a tana cin lokaci, ana ɗaukaka ƙara, kuma irin wannan tana iya kaiwa har kotun OHADA da ke Abijan. Maraɗi kuwa ba ta ɓoye zance. Ranar da aka ji a Kasuwa Babba cewa likita yana shari'a da marayu, ba wanda zai tambayi lambar aya, mata masu awo za su sake wuri kawai.

Ka fara da biyan bashin nan, a karɓa a ba ka rasit. Amma ka duba hannun da za ka sa wa. Girman shekaru ba ya sa mutum ya zama wakilin magada, ka nemi ganin takardar zaman dangi da ta naɗa shi. In suka ƙi karɓa don su tara maka laifi, wisiye ya san yadda ake miƙa kuɗi a rubuce a kuma ajiye su. Bayan nan ku zauna, da mai unguwa ko wani dattijo da marigayin yake jin nauyinsa, har da matan gidan da ke da rabo, domin sau da yawa ba ra'ayinsu ɗaya da mai yawan magana ba. Su kuɗi suke so a raba. Gidan da likita ke ciki yana biyan haya kan kari bai rasa mai saye, kuma in ka yarda a ɗan ƙara haya a rubuta yarjejeniyar shekaru, wataƙila ba wanda zai tashi. In tashin ya zama dole, lokaci ya fi maka tsabar kuɗi amfani. Izinin buɗe asibiti na ma'aikatar kiwon lafiya yawanci da gini ake haɗa shi, don haka ka leƙa ofishin kiwon lafiya na jihar Maraɗi ka ji abin da ƙaura za ta buƙata kafin ka amince da wata rana. Duk abin da aka cimma a rubuta, kowane magaji ko wakilinsa ya sa hannu, in da hali a gaban notar, wato jami'in da ke tabbatar da takardun yarjejeniya.

Kafin zaman, ka kai wa lauya takardar izinin asibitin, da rasit ɗin haya na baya in akwai, da na gini, da takardun haraji na shekarun nan. In kuma wata takarda ta zo daga wisiye, ka rubuta ranar da ka karɓa a bayanta, ka kai ta a ranar, don daga nan ake fara ƙirga kwanakin.