Tsohon kwalekwale: a duba ciki kafin a sayi inji

Tambaya daga wani manomin albasa a Yauri: Mahaifina ya rasu ya bar mini kwalekwalen katako da yake kai albasa kasuwa da shi. Shekara uku ke nan yana ajiye a gaɓa. Ina so in gyara shi in riƙa su, wato kamun kifi, idan aikin gona ya lafa. Ta ina zan fara?

Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta. Ɗan'uwa, ka fara da kifar da jirgin a kan itatuwa biyu, ka kankare laka da tsohuwar kwalta har katakon ya fito fili. Sai ka ɗauki wuƙa mai tsini ka bi shi taƙi bayan taƙi kana cakawa. Katako mai rai zai tsayar da bakin wuƙa. Inda ta shige kamar ka soki dafaffen rogo, ya ruɓe. Ka ƙwanƙwasa da guduma ma, domin gara tana cinye ciki ta bar fatar waje lafiya lau, sai ka ji wurin yana amsa kamar ganga. Ka fi tsananta bincike a ƙasan jirgi inda ruwan sama ya kwanta, da gindin haƙarƙari, da ƙarƙashin duk wani facin kwano. Na sha ɗaga irin wannan kwanon in tarar da katakon da ke ƙasa ya zama gari, ana iya ɗibarsa da yatsa.

A nan za ka yanke shawara. Idan allo biyu ko uku ne suka lalace, gyara ya fi. Idan ƙasan gaba ɗaya da yawancin haƙarƙarin sun tafi, kada son abin gado ya sa ka zuba kuɗi. Ka ciri katakon da ya rage a sa a sabo. Wurin canji ka nemi maɗaci ko kawo, busasshe. Rimi da maje suna da araha, amma ba sa jimirin zama a ruwa. Allon da ya ruɓe a cire shi har inda lafiyayyen katako ya fara, a kafa da ƙusar da ba ta tsatsa.

Toshe tsakanin alluna shi ne wurin da mutane ke gaggawa. Jirgin da ya shekara uku a rana ya bushe, tsagoginsa sun buɗe. Ka cusa auduga ko zaren buhu da bakin kurfi a hankali, kada ka danƙara, saboda katako zai kumbura idan ya sha ruwa, abin da ka matse da ƙarfi kuma yana iya tsaga shi. Ka bi da narkakkiyar kwalta ta waje. Ciki kuwa fenti ya isa, don kifin da ya kwanta a kan kwalta yana ɗaukar warinta, mai saye kuma zai ji. Bayan haka ka sa jirgin a ruwa marar zurfi kwana biyu zuwa uku. Yoyon ranar farko ba abin tsoro ba ne. Wanda bai tsaya ba a rana ta uku shi ne za ka sake dubawa.

Mayar da shi na su ba wuya. Ka rage bencunan zama don kalli, wato ragar kamun kifi, ya sami wurin kwanciya, ka goge bakin jirgi sumul, ka nutsar da kan kowace ƙusa, domin guda ɗaya da ta leƙo tana iya yaga maka raga a fita ɗaya. Ka keɓe wa kifi wuri a tsakiya, da jiƙaƙƙen buhu a kai. Ka ɗaure jarkoki marasa komai, a rufe ruf, ƙarƙashin mazauni gaba da baya. Ko ruwa ya cika jirgin za su taimaka masa ya tsaya a sama. Ina roƙonka da rigar kariya. Tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968 akwai kututturan itatuwa a ƙarƙashin tafkin, kuma mutanen Kebbi ba su manta da hatsarin jirgin Warra na watan Mayun 2021 ba. Kai manomi ne, ruwa kuma yana da masu shi: ka je ka gaida Sarkin Ruwa, ka bi wani masunci Basarke na 'yan makonni kafin ka fita kai kaɗai.

Wani daga bakin madatsar Tiga yana tambaya: Inji mai ƙarfin doki 40 zai yi wa jirgina mai ɗaukar mutum shida?

Ya yi masa yawa, Malam. Nauyinsa zai danne bayan jirgin, girgizarsa kuma ta sassauta tsofaffin ƙusoshi. Doki 15 ya wadatar, kuma sai an sa sabon allo mai kaurin inci 2 a inda za a ɗaura shi. Yawancin ƙananan injinan da ake gauraya wa mai suna son rabin litar baƙin mai a lita 25 ta fetur, amma ka bi abin da takardar naka ta ce. Filafili biyu su zauna a jirgi kullum.

Wata tambayar kuma a kan raga ce: wane ido ya dace? Don karfasa da tarwaɗa, kalli mai ido inci 3 zuwa sama. Ƙasa da haka 'ya'yan kifi za ka kwashe tun ba su yi ƙwai ba. Zuba guba a ruwa kuwa, dokar kamun kifi ta 1992 ta hana shi, kuma daga ruwan nan dabbobinka ke sha.